Fumfunar Banɗaki da Tarin Yaro da Dare: Amsa ga Wata Uwa a Kaduna

«Assalamu alaikum. Ni uwa ce mai 'ya'ya uku, muna haya a Kaduna a ciki da falo, banɗakin kuma yana cikin ɗakin kwana. Tun da damina ta kankama bangon banɗakin ya yi baƙi daga kusurwa har silin, bangon da ya raba shi da ɗakin kwana kuma ya jiƙe ta wajen da katifar yara take. Ɗana na tsakiya, mai shekara huɗu, yana tari kusan kullum da dare, wani lokaci har ƙirjinsa yana fito. Na ba shi maganin tari na kemis har kwalba uku, babu sauƙi. Da muka yi mako biyu a gidan mahaifiyata lokacin hutu tarin ya tsaya, muna dawowa ya dawo. Maigidana ya ce sanyin damina ne kawai, surukata ta ce ruwan sanyi nake barinsa yana sha, mai gidan hayar kuma ya ce a bari rani ya yi a shafa fenti. Ni dai kullum ina turara ɗakin don warin ya tafi. Shin wannan baƙin zai iya zama sanadi, ko zargi ne kawai nake yi?»

Wa alaikumus salam, 'yar uwa. Allah ya ba yaron lafiya, ya kuma saka miki da alheri a kan wannan lura da kika yi, domin abin da kika faɗa game da makonni biyun da kuka yi a gidan mahaifiyarki shi ne mafi nauyi a duk wasiƙarki. Yaron da tarinsa ke tsayawa idan ya bar ɗaki, ya dawo idan ya koma ɗakin, ya ba da hujja mai ƙarfi cewa akwai abin da ke damunsa a iskar wannan ɗakin. Saboda haka ba zargi kike yi ba, kuma ina roƙonki kada ki bari a mayar da ke mai yawan tsoro a kan abin da kika gani da idonki.

Baƙin da ya hau bangon nan fumfuna ce, 'yar uwar wadda ke fitowa a kan burodi ko tuwon da ya daɗe a rufe. Halitta ce mai rai, tana yaɗuwa ta hanyar wasu ƙwayoyin iri ƙanana da ido ba ya gani, waɗanda ke yawo a iska a ko'ina, a waje da cikin gida. Babu gidan da ba su shiga, amma ba sa tsirowa sai sun sami wurin da ya jiƙe ya daɗe bai bushe ba, kuma kwana ɗaya zuwa biyu na laima ya ishe su su fara kama bango, katako, kwalin silin ko katifa. Da zarar sun kafu sai su riƙa sakin sababbin ƙwayoyi da ɓurɓushinsu a iskar ɗakin, tare da wannan warin ruma da kike ji. Laimar da ta raya fumfuna kuma ita ce ke raya wasu ƙananan ƙwari da ke zama cikin katifa da matashi, waɗanda su ma ido ba ya gani, sannan tana janyo kyankyaso, kuma dukkansu suna cikin abubuwan da aka sani suna tayar da asma.

Dalilin da ya sa yaro ya fi babba jin jiki a fili yake. Hanyoyin numfashinsa sirara ne, ɗan kumburi kaɗan a cikinsu ya isa ya matse su, abin da ke haifar da fiton da kike ji a ƙirjinsa. Yaro yana numfashi da sauri fiye da babba, kuma idan aka kwatanta da girman jikinsa ya fi babba shaƙar iska. Ɗanki kuma yana kwana a ƙasa, fuskarsa kusa da jiƙaƙƙen bango, na tsawon sa'o'i tara ko goma kowane dare, a ɗakin da aka rufe ƙofa da taga saboda sauro. Kada ki yi mamaki cewa 'yan uwansa biyu ba sa tari, domin jikin mutane ya bambanta. Wani jikinsa yana saurin ƙin irin waɗannan abubuwa, musamman idan akwai masu asma, yawan atishawa ko ƙaiƙayin fata a danginku ko dangin mahaifinsa.

Wannan magana ba hasashe ba ce. A shekarar 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora na musamman a kan laima da fumfuna a cikin gine-gine, inda ta tabbatar da cewa mazauna gidaje masu laima sun fi fuskantar tari, fiton ƙirji, cututtukan hanyoyin numfashi da tsanantar asma. A Ingila kuwa, a garin Rochdale, wani yaro mai suna Awaab Ishak, wanda iyayensa suka fito daga Sudan, ya rasu a watan Disambar 2020, kwanaki kaɗan bayan ya cika shekara biyu. Binciken da hukuma ta kammala a 2022 ya tabbatar da cewa daɗewar da ya yi yana shaƙar fumfuna a gidan hayar da suke zaune ita ce ta jawo masa ciwon numfashin da ya yi ajalinsa, kuma tun farko da mahaifinsa ya kai kuka, shawarar da aka ba shi ita ce ya shafa fenti a kai. Daga baya an yi doka da sunan yaron, wadda ta tilasta wa hukumomi da ƙungiyoyin da ke ba da gidajen haya masu rangwame gyara irin wannan matsala cikin ƙayyadajjen lokaci. Ban kawo wannan don in firgita ki ba, domin ba kasafai abin yake kaiwa ga haka ba. Na kawo shi ne saboda amsar da mai gidan hayarku ya ba ku ita ce amsar da aka ba wancan uba.

Duk da haka, ba a gane ciwo ta wasiƙa, kuma abu na farko da nake so ki yi shi ne ki kai yaron asibiti a cikin wannan makon, ba kemis ba. Tarin dare da fiton ƙirji sun yi kama da asma, amma tarin da ya wuce mako biyu a ƙasarmu dole ne a tabbatar ba tarin fuka ba ne, musamman idan yaron yana ramewa, yana zazzaɓi ko gumin dare, ko kuma akwai babban da ke tari a gidan. Gwajin tarin fuka da maganinsa kyauta ne a cibiyoyin gwamnati da aka ware don haka. Idan kin je, ki gaya wa likita lokacin da tarin ya fara, lokacin da ya fi tsanani, abin da ya faru da kuka yi tafiya, da magungunan da kika riga kika ba shi, ki kuma nuna masa hoton bangon a wayarki. Maganin tari na kwalba ba ya buɗe hanyar numfashin da ta matse, shi ya sa kwalba uku ba su yi komai ba, kuma kada ki yarda a ɗora shi a kan maganin kashe ƙwayoyin cuta ba tare da likita ya duba shi ba.

Idan likita ya ce asma ce ya rubuta masa abin shaƙa, ki karɓa da zuciya ɗaya. Na san maganar da ke yawo a tsakanin mata cewa duk yaron da ya fara shaƙar inhela ya saba ke nan har abada, kuma na ga yadda wannan magana ke sa iyaye su ɓoye maganin a jaka alhali yaro yana fama. Maganar ba ta da tushe. Abin shaƙa yana kai magani kai tsaye cikin huhu, kuma ɗan kaɗan ne idan aka kwatanta da abin da ake haɗiya. Akwai wanda ke buɗe ƙirji nan take idan abin ya taso, akwai kuma wanda ake shaƙa kullum don ya kwantar da kumburin, likita ne zai faɗi wanda ya dace. Yaro mai shekara huɗu ba ya iya shaƙa daidai shi kaɗai, don haka ki nemi a nuna miki yadda ake amfani da ɗan bututun da ake haɗawa da shi, ki gwada a gaban ma'aikaciyar jinya kafin ki bar asibitin.

Akwai alamomin da ba a jiran wayewar gari da su. Idan kika ga fatar ƙasan haƙarƙarinsa ko ramin wuyansa tana lotsawa ciki duk lokacin da ya ja numfashi, ko ya kasa magana sai a gutsure, ko ya kasa shan ruwa, ko leɓɓansa da harshensa suka canza launi, ko jikinsa ya saki yana ta gyangyaɗi, to a ɗauke shi zuwa asibiti mafi kusa ko da tsakar dare ne. Ki kuma koyi ƙirga numfashinsa yana kwance a natse, na tsawon minti ɗaya da agogon waya: yaro daga shekara ɗaya zuwa biyar idan ya kai 40 ko fiye numfashinsa ya yi sauri, jariri daga wata biyu zuwa shekara ɗaya kuma 50. Ki sanar da maigidanki waɗannan alamomi, saboda wata rana shi ne zai kasance a gida.

Sai maganar turare, wadda na san ba za ta yi miki daɗi ba. Turaren wuta abin ƙawa ne a ɗakin mace, kuma da kyakkyawar niyya kike yinsa, amma a halin da ɗanki yake ciki yana ƙara masa wahala. Hayaƙin turare da na garwashin kasko suna ɗauke da ƙananan ɓurɓushi da ke shiga can cikin huhu, ga shi kuma ana rufe ƙofa don ƙamshin ya kama ɗaki, wanda ke nufin laima da hayaƙi sun taru a wuri guda. Warin ma ba ya tafiya, lulluɓe shi kawai ake yi. Ki dakatar da turara ɗakin da yake kwana har sai likita ya ga ƙirjinsa ya daidaita. Haka nan maganin sauro mai hayaƙi da na fesawa, ki maye gurbinsu da gidan sauro, kada kuma a kunna janareta kusa da taga, kada a bar kowa ya sha taba a ciki.

Tun daren yau ki ɗauke katifar yaran daga jikin wannan bango. Idan da hali su koma falo su riƙa kwana har a gama gyara. Ki ɗaga katifar ki dubi ƙasanta da ledar ko kafet ɗin da ke ƙarƙashinta, domin sau da yawa fumfunar da ke ɓoye a nan ta fi ta bango yawa. Idan ɗigo-ɗigon baƙi ya ratsa cikin soson katifar, shanya ba za ta fitar da shi ba, hanya mafi aminci ita ce a rabu da ita, duk da na san abin da katifa take ci a kasuwa yanzu. Idan a rigar katifar kawai ya tsaya, a cire a wanke da ruwan zafi da sabulu, a shanya a rana har ta bushe ƙarau. Ki janye durowar kaya da akwatuna daga bango da kamar tsawon tafin hannu don iska ta riƙa ratsawa, ki kuma duba bayansu.

Yanzu ga asalin matsalar, wato ruwan da ke jiƙa bangon. Duk wankin da za a yi, idan ba a toshe inda ruwan ke fitowa ba, baƙin zai dawo cikin 'yan makonni. Yanayin jiƙewar yakan nuna tushenta. Ɗigo-ɗigon baƙi a kusurwoyi da saman silin yawanci tururin wanka ne da bai sami mafita ba. Tabon da ke saukowa daga sama, yana faɗaɗa bayan an yi ruwa, yoyon kwano ne, ko na banɗakin bene idan akwai mutane a samanku. Laimar da ta taso daga ƙasa zuwa gwiwa ko ƙugu, fenti yana kumbura, wani farin gari kamar kanwa yana fitowa, ruwan ƙasa ne ke hawa ta cikin bulo, ko kuma sokawe ya cika a bayan ɗakin. Amma tunda kin ce bangon da ke tsakanin banɗaki da ɗakin kwana ne ya jiƙe, na fi zargin bututun famfo da ya fashe a cikin bango, ko tayil ɗin da ya tsage ruwan wanka yana bi ta ƙarƙashinsa. Idan kuna da tanki a sama, ku rufe duk famfunan gidan da dare, ku sa alama a inda ruwan ya tsaya, ku duba da safe. Idan ya ragu ba wanda ya taɓa, akwai inda yake tsiyaya. Wannan aikin mai gyaran famfo ne da magini, kuma ba ya jiran rani.

Wankin bangon kuwa, idan wurin da ya yi baƙi bai wuce kamar murabba'in mita ɗaya ba kuna iya yinsa da kanku, idan kuwa ya fi haka ko ya ci cikin silin, to a nemi ma'aikata. Ranar da za a yi, a kai yaran gidan dangi ko maƙwabta su wuni, kuma duk mai asma kada ya shiga aikin. A buɗe taga, a sa safar hannu ta roba da takunkumin fuska mai kyau, irin wanda ake kira N95 idan an samu. Kada a kankare bangon yana bushe, saboda hakan yana watsa ƙwayoyin cikin iska. A fara jiƙa shi da ruwan omo, a goge da burushi, a ɗauraye. A kan tayil da siminti ana iya bi da ruwan Hypo ko Jik, kofi ɗaya a cikin lita huɗu na ruwa, kada a wuce haka, a bar shi ya ɗan jima sannan a ɗauraye, a tsane wurin sosai. Ina jan kunnenki da babbar murya: kada a taɓa haɗa Hypo da sinadarin wanke masai, ko ruwan khal, ko wani abin wanki daban don neman ƙarfi, domin haɗin yana fitar da iska mai guba da ke iya shaƙe mutum a ƙaramin banɗaki. Kwalin silin da ya ruɓe ba ya wankuwa, cire shi ake yi a sa sabo. Fenti kuwa shi ne na ƙarshe, bayan an toshe ruwa, an wanke, bango ya bushe har ciki, in ba haka ba zai kumbura ya ɓare, fumfunar kuma tana nan da ranta a ƙarƙashinsa.

Bayan gyara, ɗabi'un yau da kullum ne za su hana ta dawowa. Tagar banɗaki da yawanci ake toshewa da kwali ko leda saboda sauro da idon mutane, a sa mata raga a bar ta a buɗe. Idan babu taga kwata-kwata, a nemi izinin fasa ƙaramar kafa a sama ko a sa fankar da ke fitar da iska waje. Bayan wanka a share ruwan ƙasa zuwa magudana, a rufe ƙofar da ke kallon ɗakin kwana don tururin ya fita ta taga maimakon ya shigo wa masu barci. Bokitai da durom ɗin da ake tara ruwa a ciki saboda rashin tabbas na famfo, a riƙa rufe su. Tawul da soson wanka a fitar da su waje su sha iska, wanki kuma kada a shanya shi a ɗakin kwana. Idan ruwan sama ya hana, gara baranda ko falo da taga a buɗe.

Game da maigidanki, kada ki tunkare shi da cewa ya yi kuskure, domin akwai ƙanshin gaskiya a maganarsa: iska mai sanyi tana iya tayar da tari ga yaron da ƙirjinsa ya riga ya kumbura. Sai dai a gidan mahaifiyarki ma damina ake yi, kuma yaron bai yi tari a can ba. Ki zaɓi lokacin da hankalinsa yake kwance, ki ɗaga katifar ki nuna masa, ki ɗauki sautin numfashin yaron da waya cikin dare ki kunna masa, sannan ki roƙe shi ya raka ku asibiti ya ji daga bakin likita. Ki kuma lissafa masa abin da aka kashe a kemis, ya kwatanta da kuɗin gyaran bututu. Surukarki kuwa, ki karɓi maganarta da ladabi, ki rage wa yaron ruwan firji idan hakan zai kwantar mata da hankali, tunda ba ya cutar da komai, amma ki bar ɗanta ya yi mata bayanin abin da likita ya ce, don daga bakinsa zai fi shiga.

Mai gidan haya kuma maigidanki ne ya kamata ya same shi, da hotuna masu kwanan wata da takardar asibiti, ya kuma aika masa da saƙo a rubuce don ya zama shaida. Bututun cikin bango, rufi da sokawe jikin gini ne, kuma a al'adar haya gyaransu yana kan mai gini, sai dai in yarjejeniyarku ta faɗi wani abu daban, don haka ku duba ta. Idan ya ce ba shi da kuɗi a yanzu, ku ba shi zaɓin ku gyara a cire daga kuɗin haya mai zuwa, amma a rubuta a sa hannu a gaban shaidu, a kuma ajiye rasit. Kada ku riƙe kuɗin haya da ra'ayin kanku, domin hakan zai juya maganar ta koma kanku. Idan ya ƙi sauraro, ku sa mai unguwa ko dattijon da yake jin nauyinsa, kuma kuna da damar kai ƙorafi wurin jami'an duba-gari na ƙaramar hukuma, waɗanda duba irin wannan yana cikin aikinsu.

Idan duk wannan bai yi ba, ko aka gano ginin ne ke shan ruwa daga ƙasa, ra'ayina shi ne ku fara neman wani wuri kafin wa'adin hayar ya cika, ko da ya fi wannan ƙanƙanta. In za ku duba sabon gida, ku je bayan an yi ruwan sama, ku shinshina ɗakin da aka daɗe da rufewa, ku shafa ƙasan bango da hannu, ku tabbatar banɗakin yana da tagar da ke kallon waje, ku kuma yi tambaya idan kuka ga sabon fenti a bango ɗaya tak. Kafin nan, ki sami ɗan littafi ki riƙa rubuta daren da yaron ya yi tari, inda ya kwana, da ko an ba shi abin shaƙa, ki tafi da shi duk ranar komawa asibiti, domin da shi likita zai gane ko maganin da gyaran suna aiki. Ki sa ido sosai idan hunturu ya shigo, saboda ƙurarsa ita ma tana tayar da irin wannan tari, kuma kada ki dakatar da maganin da aka ce a riƙa sha kullum don kawai kin ga sauƙi, sai da izinin likitan.